Yadda na gyara ƙ da ɗ a manhajata ta buɗe fayil

Na haɗa wata 'yar manhaja da harshen shirye-shirye na Python da Tkinter, kayan aikinsa na yin tagogi da maɓallai: ka danna maɓalli, ka zaɓi fayil, rubutun ya bayyana a taga. Da Turanci lafiya lau. Ina buɗe wasiƙar Hausa sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Abin ya dame ni, don saboda rubutun Hausa na yi ta.

Na ɗauka salon haruffan ne, na yi ta sauyawa, a banza. Ashe a Windows, in ba ka faɗa wa open, umarnin Python na buɗe fayil, tsarin haruffa (yadda ake adana haruffa a fayil) ba, na kwamfutar yake ɗauka, nawa kuwa sunansa cp1252. Shi kuwa ƙ bayit (ma'aunin bayanan kwamfuta) 2 ne a UTF-8, tsarin da aka adana wasiƙar da shi, sai aka karanta kowanne a matsayin harafi daban.

Na ƙara encoding="utf-8" a cikin open, ƙ da ɗ da ɓ suka fito daidai.