Kurakuran da Ake Yawan Yi a Littattafan Hotuna Masu Koya wa Yara Darajar Kansu

Babban kuskuren da marubuta ke faɗawa ciki shi ne su ce wa yaro Allah yana ƙaunarsa ba don wani abu ba, sannan labarin ya ƙaryata su. Dubi yadda aka saba: yarinya ce ake wa dariya don ba ta iya gudu ba, sai a ƙarshe ta ci gasa, kowa ya rungume ta. Yaron da ke sauraro ya gane abu guda, wato sai ka ci gasa za a so ka. Gyaran kuwa, a bar ta ta zo ta ƙarshe, mahaifiyarta ta ɗauke ta da fara'a kamar kullum. Suratul Isra'i, aya ta 70, ta ce Allah ya girmama 'yan Adam, ba ta ce sai gwanaye ba. Marubuci Kirista kuma yana da misalin ɗan da ya bar gida a Linjilar Luka sura 15, wanda da ya dawo uban ya ruga ya tare shi tun bai buɗe baki ba.

Na biye da shi shi ne tsoratarwa. "Allah ba ya son yaro maƙaryaci" jimla ce mai sauƙin rubutawa, amma ɗan shekara huɗu bai iya raba kansa da laifinsa ba tukuna. Abin da yake ji shi ne an kore shi. A nuna ƙaryar ta ɓata wa ƙaninsa rai, a nuna ya nemi gafara, a nuna ƙaunar tana nan yadda take tun kafin laifin. Wasu na tsoron kada hakan ya sangarta yaro. Ni ban yarda ba. Yaron da ya tabbata ba za a yar da shi ba shi ne ke da ƙarfin cewa "ni na yi." Hadisin Bukhari da Muslim na matar da ta samu jaririnta a cikin fursunoni ta shayar da shi, inda aka ce Allah ya fi ta jin ƙan bayinsa, ya ishi marubuci madogara.

Akwai kuma wa'azin shafin ƙarshe. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, kalmomi kaɗan, kuma idan labarin ya isar da saƙo, bayanin darasi cikawa ne kawai. A cire shi.

Hotuna ma sukan maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa. Idan an rubuta "ya yi baƙin ciki," to hoton ya nuna abin da rubutun bai faɗa ba, kamar hannun kakarsa a kafaɗarsa. Littafin da aka yi don yaran Musulmi kuma kada a zana annabawa ko mala'iku a ciki, iyaye ba za su karɓa ba. A kula da fuskokin yaran da ke shafukan: idan duk kamarsu ɗaya, masu lafiya da kaya masu tsada, yaro mai sanda ko mai tabo a fuska zai duba bai ga kansa ba.