Yadda Ake Gina Akurkin Kaji a Damagaram

Da farko, a zaɓi wuri mai ɗan tudu a inuwar dogon yaro, domin zafin Afrilu da Mayu yana rage wa kaji ƙwai. Sai a gina akurkin da laka, a bar ƙananan kafofi ta sama don iska, amma kada ƙofar ta fuskanci gabas, inda hunturu da ruwan damina suke bugowa. Idan ya bushe, a shimfiɗa yashi gauraye da toka, wanda kaji za su riƙa birgima a ciki su rabu da ƙwarƙwata.

Daga nan a kewaye filin gabansa da ragar waya, har samansa, saboda shirwa ba ta raga wa 'yan tsaki. Kafin sanyi ya shigo, a kira malamin dabbobi ya yi musu rigakafi.