Bakalar ƙasan bene da haƙoran yaranmu a Makka

'Yar'uwa, sannu da zuwa. Na san a watan farko hankalinki yana kan iƙama, wato takardar izinin zama, da gidan haya da makarantar yara, abin da ke cikin firij bai dame ki ba. Ni ma haka na yi, sai ranar da likitan haƙori ya leƙa bakin ɗana mai shekara biyar, ya ƙirga kogo huɗu, ya ɗago ya tambaye ni me yaron yake sha kafin barci. Na ce madara. Ya ce wace iri? Ashe ta kwalin nan ce mai ɗanɗanon cakulan, wadda nake saye katan-katan, ni a tunanina gata nake yi masa.

A gida lemon kwalba na baƙo ne, ko na ranar suna. A nan kuwa bakala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, tana ƙasan bene, yaro zai sauka da 'yan riyalolinsa ya dawo da leda cike. Ga zafi ya kulle su a ɗaki ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, babu guje-gujen tsakar gida balle langa a ƙofar gida. Abin da suka sha, a jikinsu yake zama.

Ki riƙe lissafi ɗaya, zai yi miki amfani ko'ina: cokalin shayi guda na sukari kusan giram 4 ne. Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yana ɗauke da wajen giram 35, wato kusan cokali tara. Wace uwa ce za ta zuba wa ɗanta cokali tara a kofin koko? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi, wanda ga babba bai wuce cokali shida ba. Na yaro bai ma kai haka ba. Gwamnatin Saudiyya kanta ta ga abin: a 2017 ta ɗora harajin kashi 50 kan lemo mai gas da kashi 100 kan na ƙara kuzari, a ƙarshen 2019 ta haɗa da sauran kayan sha masu zaƙi. Tsadar dai ba ta hana yaro kuka a gaban firjin bakala ba.

Inda aka fi cin mu shi ne kwalayen da ke da hoton lemu ko mangwaro. Ki duba kalmar da ke jiki. In an rubuta sharab, yawancinsa ruwa ne da sukari. Nektar ya ɗan fi shi 'ya'yan itace, amma shi ma galibi da ƙari. Asir na ɗari bisa ɗari ne ba a zuba wa komai ba, shi ɗin ma ƙaramin kofi ya isa, don lemun da aka ɓare aka tauna ya fi wanda aka matse. Ki juya bayan kwalin, ki nemi layin sukkariyyat, ki raba lambar gida huɗu, kin samu adadin cokulan da ke cikin awon da aka rubuta a wurin.

Abin daɗin shi ne madadin yana nan kusa. Laban, wanda kowace bakala ke da shi na Almarai ko Nadec, ɗan'uwan nononmu ne. Ki samo gero wajen 'yan'uwanmu masu sayar da kayan gida, ki dama fura. Zoɓorodo a nan karkade ake ce masa, masu kayan ƙamshi suna da shi. Ki dafa da citta da kanumfari, ki riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan duk mako, harshen yaro zai bi ki bai sani ba. Dabino kuwa, Sukkari ne na Ƙasim ko Ajwa ta Madina, ya fi alewa nesa ba kusa ba, amma biyu ko uku ne, ba kwano ba, kuma yana manne wa haƙori, sai a bi shi da ruwa. Jaririn da bai cika shekara ba kada a lasa masa zuma ko kaɗan, saboda wata ƙwayar cuta da cikinsa bai iya yaƙa da ita ba tukuna.

Mai wuyar ita ce kara. Maƙwabciya Balarabiya ta miƙo wa yaro cakulan da fara'a, ko Hajiya Babba ta zo Umara ta cika masa aljihu da alewa, in kin yi magana a ce kin cika iyayi. Ni ba na hanawa a gaban mai kyauta. Nakan ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, zai ci bayan abinci," in karɓa in jefa a wani gwangwani da ke saman kabad. Ranar Juma'a bayan an ci shinkafa kowa ya zaɓi ɗaya. Da azumi ma haka muke yi da Vimto da luƙaimat, ƙananan fanken nan masu zaƙi: ran da aka yi ɗaya, ba a yin ɗayan.

Maigida kuma sai an zauna da shi, don shi ne mai shigowa da kabsa, wato shinkafa da nama, ko burost, soyayyar kaza, haɗe da ƙatuwar robar lemo. Namu da ya biya kuɗin cike haƙora huɗu, da kansa ya daina. Yanzu duk mako biyu yakan haɗu da wani maƙwabcinmu su je kasuwar Ka'akiyya, su sayo katan na ayaba da kokwamba da rumman ɗin Ɗa'ifa in lokacinsa ne, su raba biyu. Ni kuma in yanka kankana in ajiye a layin ƙasa na firij, daidai inda hannun ƙaramin yake kaiwa.