Yadda nake saƙa muryoyin 'yan sama jannati cikin kiɗa

Da murya nake farawa, kiɗa ya biyo baya. A da nakan gama kiɗan tukuna sannan in nemo maganar da zan ɗora, sai ta zauna a kai kamar baƙuwa. Yanzu taskar sautin hukumar NASA ta Amurka nake shiga, in yi awa biyu ina sauraron hirar 'yan sama jannati da masu kula da su a Houston, ban taɓa komai ba. Yawancin abin da NASA ta naɗa babu haƙƙin mallaka a kansa, tunda aikin gwamnati ne. Na gidajen rediyo da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuwa, bincika kafin ka ɗauka.

Kada ka yi gaggawar ɗaukar kalaman da kowa ya haddace. Maganar da Neil Armstrong ya yi da ya taka wata ranar 20 ga Yulin 1969 kunne ya saba da ita. Ni abin da ke sa tsigar jikina tashi shi ne dawowar kumbon Apollo 13, ranar 17 ga Afrilun 1970. Kumbon ya shigo iskar duniya, rediyo ya ɗauke kamar minti shida, fiye da yadda aka zata, Houston na kira babu amsa. Wannan shirun shi ne zuciyar waƙar. A nan nake janye ganga gaba ɗaya, in bar sauti ɗaya mai kauri yana ja, har sai muryar ta dawo.

Yankan kansa ba wuya. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta wadatar. Rage gurnanin da ke ƙasa da Hz 100 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti), amma don Allah kada ka wanke shuuu ɗin rediyon duka. Shi ke gaya wa kunne cewa maganar daga nesa take. Ɗan ƙaran "fiit" da ke buɗe maganar Houston ma ka bar shi, yana iya zama bugun awo, kamar yadda kukan Sputnik, tauraron ɗan'adam na Sobiyet na 1957, ke iya zama.

Saurin kiɗan kuma daga bakin mai maganar zai fito. Yi ta tafi kana bin lafazinsa har ka kama awon, sannan ka saita ganga a kai. Duk inda ya buɗe baki, sassauta kiɗan. Jimla uku ko huɗu sun ishi waƙar minti biyar.