Yadda na farfaɗo da ciniki a shagona na intanet

Ciniki ya daɗe yana tafiyar hawainiya a shagona. Na rage farashi, na biya kuɗin talla, amma babu abin da ya sauya. Sai da na duba alƙaluman shagon na gano cewa masu saye suna zuba kaya a kwando, amma suna ficewa da zarar kuɗin aikawa ya bayyana a matakin biya. Na shiga saitin aikawa na mayar da kuɗin sifili, na haɗa shi cikin farashin kowane kaya, sannan na rubuta kwanakin isarwa a layin farko na bayanin kayan, domin mai saye ba ya son kuɗin ba-zata. Alhamdulillahi, ba a jima ba oda ta fara shigowa.