Yadda Ake Koyon Tarihin Yaƙi Ta Hanyar Fina-finan Sojoji

Fim ɗin yaƙin da ya fi zama a zuciya shi ne wanda ya ƙyale manyan hafsoshi da taswirorinsu, ya bi wasu sojoji uku ko huɗu da suka rabu da rundunarsu, ɗaya ya ji rauni, sauran suka ƙi tafiya su bar shi, suna raba gutsuren abinci da ɗan ruwan da ya rage a gora. Irin wannan fim yana iya zama mafarin sanin tarihi na gaske, muddin mai kallo ya ɗauke shi a matsayin abin da ke tayar da tambaya, sannan ya tashi ya nemi amsar a wani wurin. Mu mutanen Zariya neman ba zai yi mana nisa ba, domin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, ya bar sawunsa a cikin garin nan.

Kafin ka kunna fim, ka nemi sanin shekarar da abin ya faru, da ƙasar da ya faru, da waɗanda ke faɗa da juna, ka rubuta su a takarda, ka kuma buɗe taswira a wayarka ka ga wurin da idonka. An yi yaƙin ne daga 1939 zuwa 1945, kuma sojan Ingila na 1940 da ake kora daga Faransa ba halinsu ɗaya da na 1944 da ya koma can da ƙarfinsa ba. Idan fassarar Hausa ka samu, ka yi hattara, saboda masu fassara sukan sauya sunayen mutane da garuruwa, su ƙara barkwanci don nishaɗi, wanda hakan kan ɓatar da mai neman sani.

Lokacin kallo, kada ƙarar igwa da ruwan harsashi su ɗauke maka hankali daga ƙananan abubuwa, domin a cikinsu tarihin yake. Ka lura da abin da sojojin ke ci da yadda yake isowa gare su, da takalman da ke ƙafarsu, da wanda ke ɗaukar kaya, da wanda ke ba da umarni, da cutar da ke kayar da su. A dajin Boma, wato ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, waɗanda zazzaɓin cizon sauro da atini suka kwantar sun ninka waɗanda harsashi ya raunata sau da yawa, musamman a farkon yaƙin. Saboda haka fim ɗin da ya nuna soja yana jinyar abokinsa mai rawar ɗari cikin ruwan damina ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya nuna jarumi guda yana karkashe mutum hamsin. Abotar da ake nunawa ita ma tana da tushe. Rundunoni sukan karkasa sojoji ƙungiya-ƙungiya, mutum takwas ko goma, suna kwana tare suna gadin juna, kuma wanda aka bari shi kaɗai a daji da rauni da wuya ya kai labari.

Bayan ka gama, sai ka ɗauki abu ɗaya ko biyu daga abin da ka rubuta ka auna su da littafi. Misali, idan fim ɗin ya shafi kwashe sojoji daga gaɓar Dunkirk a Faransa, za ka tarar an yi aikin ne daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni na 1940, aka tsallakar da mutum kusan 338,000 zuwa Ingila, cikinsu har da Faransawa fiye da 100,000, da wasu sojojin Indiya, galibinsu Musulmi, masu kula da alfadarai. Sai ka tambayi kanka ko ka ga fuskokinsu a fim ɗin.

Wannan tambaya ta wanda ba a nuna a fim ba ita ce, a ganina, mafi amfani ga ɗan ƙasar nan. Yawancin fina-finan yaƙin duniya an yi su ne a Amurka da Turai, don haka mutanensu suke nunawa, har yaro ya tashi yana zaton baƙar fata ba ta taka wannan fage ba. Alhali sojojin Najeriya sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Boma su fuskanci Japan. Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota ta kirki, sai jiragen sama ke jefo musu abinci da harsasai, wasu sojoji marasa bindiga kuma suna ɗaukar kayan a ka suna ratsa tsaunuka. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung. Da yawa cikin waɗannan mutane 'yan Arewa ne, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki a rundunar Najeriya.

Idan kana son fim ɗin da ya haɗa tsira da abota da namu mutanen, ka nemi shirin gaskiya mai suna Burma Boy, wanda ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi wa tashar Al Jazeera a 2011. Labarin Isaac Fadoyebo ne, wani saurayi daga yankin Owo da ya shiga soja yana ɗan shekara 16, yana aikin kula da marasa lafiya. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi ana zaton ya mutu. Ya rayu ne tare da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, shi ma da rauni, kuma wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su yana ciyar da su, duk da ya san abin da zai same shi in Japanawa suka gane. Wajen wata tara suka yi a ɓoye kafin a ceto su. Ka kalle shi da taswirar yankin Arakan na Boma, inda abin ya faru, a gabanka, ka riƙa tsayar da shi kana duba wuraren da ake ambata.

Daga nan sai ka fito gari. Barikin da ake horar da kuratan soja a Zariya sunansa Chindit, kuma sunan ya samo asali ne daga wata runduna ta musamman da Janar Orde Wingate ya kafa, wadda aka sauke ta da jiragen sama a bayan sansanonin Japan a 1944, cikinta akwai bataliya uku ta sojojin Najeriya. A Kaduna ma barikin Dalet da na Kalapanzin sunayen wurare ne na Boma. Mutum nawa ke wucewa ta gaban waɗannan ƙofofi kullum ba su taɓa tambayar ma'anar sunan ba?

Ga mai son zurfafawa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. Ka tambayi tsofaffin fitowarta a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko a Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Sai dai ka karanta ta da sanin cewa jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce a lokacin da ake neman samari su shiga soja, kamar yadda majigin da ake haskawa a dandali a wancan zamani yake da manufar da aka yi shi dominta. Ma'aunin da ka auna fim da shi, da shi za ka auna jarida.

'Yan mazan jiyan da suka je Boma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni, wasu da lambar yabo ko takardar sallama a ajiye a akwati. Idan za ka je wurinsu, ka nemi wanda zai yi maka iso, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce, "Baba, na ji an ce marigayi ya je yaƙin Boma, ko akwai abin da ya taɓa faɗa muku?" Kada ka matsa idan aka yi shiru, domin da yawa sun dawo ba su son tada maganar. Idan aka yarda, ka nemi izini kafin ka naɗi murya ko ka ɗauki hoton takarda, ka rubuta lambar sojan da sunan bataliyarsa daidai yadda suke, saboda da su ne za ka iya gano inda rundunarsa take a watan da fim ɗin da ka kalla yake ba da labari.