Yadda Ake Haɗa Talabijin da Dikoda da Lasifika a Gida

Mafi yawan waɗanda suke kirana a Birnin Kebbi bayan sun sayo sabuwar talabijin kukansu ɗaya ne: an kunna komai, fitilar dikoda tana haske, amma allo ya ƙi nuna hoto. Idan na je, sau da yawa sai in tarar kayan lafiyarsu lau, waya ce aka soka a ramin da ba nata ba.

Da farko a zare filogin talabijin da na dikoda daga bango kafin a taɓa kowace waya. Na taɓa ƙona ramin HDMI, wato ramin wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare, na wani maƙwabcina saboda na soka waya alhali janareto yana aiki, kuma daga aljihuna kuɗin gyaran ya fito. Bayan haka a juyo da bayan na'urorin biyu wajen haske, a karanta rubutun da ke gefen kowane rami. Hoto da sauti daga dikoda suke fita su shiga talabijin, saboda haka waya tana tashi ne daga ramin da aka rubuta OUT, ta sauka a wanda aka rubuta IN. Wayar dish kuwa, mai tsinken tagulla ɗaya a tsakiya, tana shiga LNB IN a bayan dikoda, kuma da hannu ake murɗa ta har ta kama, ba da filaya ba.

Idan na'urorin biyu suna da HDMI, a yi amfani da shi, a ajiye sauran wayoyin a kwali, domin waya guda ce take ɗauko hoto da sauti tare. Ba sai an sayi mai tsada ba. Mai tsawon mita 2 ta wadatar, muddin kanta ba ya rawa a cikin rami. A riƙe lambar ramin da aka soka, HDMI 1 ko HDMI 2, sannan a kunna, a danna maɓallin Source ko Input a rimot ɗin talabijin, ba na dikoda ba, a zaɓi wannan lambar.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne waya mai kai uku, wadda har yanzu ake samu tare da ƙananan dikodoji irin na GOtv da StarTimes. Kan rawaya na hoto ne, fari na sautin hagu, ja na sautin dama. Matsalar ita ce talabijin da yawa na zamani ba su da rami rawaya a sarari. Abin da za a gani ramuka biyar ne a jere, kore da shuɗi da ja, sai kuma fari da wani jan. Wanda bai sani ba yakan soka jan sauti a jan farko, wanda na hoto ne, sai sauti ya fito ta ɓangare ɗaya kawai. A duba ramin kore da kyau da fitilar wayar hannu: idan akwai zoben rawaya a kewayensa, ko an rubuta Y/VIDEO, nan kan rawaya yake shiga, fari da ja kuma su tafi ramuka biyu na ƙarshe da aka rubuta AUDIO. Idan bayan haka hoto ya fito fari da baƙi babu launi, kada a yi gaggawar mayar da talabijin kasuwa. Yawanci an zaɓi Component ne a cikin Source, wato na wayoyin kore da shuɗi da ja, alhali AV, na waya mai kai uku, ya kamata a zaɓa. Wani dattijo a Jega ya yi sati guda yana kallon labarai haka, yana zaton sigina ce ta yi rauni.

Mai babbar lasifika ya nemi ramin da aka rubuta HDMI ARC a talabijin, ya haɗa shi da irinsa a lasifikar, sannan ya shiga saitin sauti ya mayar da shi can. Idan babu ARC, wayar optical, mai ɗaukar sauti ta hanyar haske, tana yin aikin, sai dai a cire ɗan murfin roba da ke kanta tukuna.

Duka kayan su bi ta sitabilaiza ɗaya. Da damina, idan hadari ya haɗo da walƙiya, a zare filogi, a kuma kwance wayar dish daga dikoda, domin ta nan tsawa take biyowa ta wuce ta HDMI har cikin talabijin.